Kadan Arshe

Famfon mai ya mutu a ƙofar Fada,
lodin dabino da gishiri na kai.
Ɗanliti direba ya bi wata mota Abeshe neman sabo,
ya bar ni da sifana, da rabin buhun gero,
da jira.

Kwana uku ina ƙirga tayoyi.
Ran na huɗu Togoi ya zo,
tsohon Bagorane, ido ɗaya ya yi fari.
Da Larabcin kasuwa ya ce: Ɗan Hausa,
ƙarfe ba ya gudu, me kake tsaro?
Taho ka ga sassaƙa.

Yini biyu a bayan taguwarsa,
ƙuguna ya haddace kowane ƙashi nata.
Sai duwatsu suka fara tasowa daga rairayi,
jajaye, kamar haƙorin mai cin goro.
Wani rumbu ne da ba a yi wa jinka ba,
wani tsohuwa ce ta sunkuya kan turmi,
wani kuwa ƙofa ce. Ƙofa kawai.
Ba ɗaki, ba katanga,
sama na shiga tana fita ba sallama.
Na ce: wa ya yi wannan aiki?
Togoi ya cire asuwaki daga baki,
ya ce: wanda ba ya sauri.

Aduwa ta tsaya ita kaɗai, ta sha ƙaya.
Na tsinci ɗiyarta na tsotsa,
zaƙi a gaba, ɗaci na biye,
ɗanɗanon bayan gidan kakata ne sak.
Tumfafiya ma na nan, marar kunya, ko'ina gidanta.
Can sama, inda ko akuya sai ta yi shawara,
wani ɓaure ya cusa saiwa cikin tsaga
yana shan abin da ido bai gani ba.
Rema uku suka leƙo, suka raina mu, suka koma.

Muka shiga kwazazzabo da hantsi,
rana ta tsaya a waje kamar baƙuwa.
Bango dama, bango hagu,
na ɗaga kai har hulata ta faɗi.
Raƙuma sun fi ɗari a cikin ruwa,
ɗaya ya yi ruri, dutse ya mayar da goma.
Ruwan baƙi ƙirin, warin kashin raƙumi,
amma sanyinsa ya hau ni har haƙori.

Togoi ya riƙe mini hannu.
Kan wani falalen dutse, ga gungume.
Gungumen ya buɗe ido.
Kada!
Nan, inda girgije ke mance hanya shekara guda?
Ya ce: kakanninsa da kogi suka zo,
kogin ya tafi bai gaya musu ba.
Na ce: me yake ci?
Kifi.
Me yake jira?
Tsoho ya dube ni da idon nan mai kyau,
ya ce: kai me kake jira?

Da la'asar ya kai ni wani kogo.
Shanu a bango, ja da fari, hantsa cike,
mata da tuluna, wani na gudu da mashi.
Na ɗora tafina kusa da tafin wani,
bai taɓa ba, saura kaɗan.
Nawa da baƙin mai a farce,
nasa da jar ƙasa.
Tsawon yatsunmu ɗaya.

Da dare yanyawa ta sace mana dabino,
kunnuwanta sun fi ta girma.
Ban kore ta ba.

Ran na tara Ɗanliti ya dawo da famfo a tsumma.
Na ɗaura, na zuƙi mai da baki, na tofar,
inji ya yi tari, ya kama.
Ya ce: yaro, me ka yi duk kwanakin nan?
Na ce: gadi.
Ƙwallon aduwa na cikin aljihuna,
yana bugun sifana duk inda muka faɗa rami.